Seu Genésio, Direban da Ya Jira Gashinsa Ya Tsiro

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na wannan shekara, ina cikin dafa wake a gidan abincina da ke bakin babban titi a Rondonópolis, ɗanka Wanderson ya bugo waya ya ce Allah ya yi maka rasuwa. Na zauna a kan buhun shinkafa na yi ta kuka har waken ya kama. Ka tafi kana da shekara sittin da shida, Seu Genésio, compadre na (ni kuma comadre ɗinka), wato uban baftismar 'yata Rosimeire, direban tirelar da babu wanda ya kai shi surutu daga nan har tashar jiragen ruwa ta Santos. Na zaci da hawaye zan rubuta wannan ta'aziyya, amma duk inda na taɓo labarinka sai dariya ta riga hawayen fitowa. Ka yafe mini, kai ka jawo.

Sama da shekara ashirin kana cin abinci a teburina, kuma babu ranar da ba ka kushe kofin da nake dafa maka ba. Kullum ka ce ruwan wanke kofuna ne na ɗumama maka, kullum kuma sai ka sha uku. Shekarar da iska ta yaye mini rufin kicin, kai ka ɗauko mini kwano daga Cuiabá, ka hau ka buga da hannunka, kana yi kana zagin kafintan da ya yi na farko. Ba ka taɓa wuce mota a lalace a hanya ba. Direbobi sun san in taya ta fashe musu a daji, addu'arsu ita ce Allah ya sa Genésio na baya.

Amma ba zan yi maka kwaskwarima don ka mutu ba, kai ma ba za ka so ba. Lokacin girbin waken suya, in masu kaya suka matsa a kai lodi a kan kari, kana haɗiyar ƙwayar nan ta hana barci da kuke kira rebite. Na sha ganinka ka shigo ido jawur, kana tauna haƙora, in zuba maka shinkafa da wake da garin rogo ka tsakura ka ture. Matarka Dona Cleonice ta yi faɗa, ta yi magiya, har ta gaji ta zuba maka ido.

Sai ga dokar gwajin gashi ta zo: duk direban babbar mota sai an yanki gashinsa an duba ko yana shan ƙwaya kafin a sabunta masa lasisi. A lokacin, girbi ya riga ya wuce, ka yi wata huɗu ba ka taɓa ta ba. Amma tsoro ya kama ka, ka je ka ɗauki shawarar malaman da ke zaman banza a gidan mai. Ranar da ka shigo mini da kai ƙwal, babu gemu babu gashin baki, wallahi ban gane ka ba sai da ka yi magana.

Na ce, "Compadre, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

Ka shafa kan ka ce, "Comadre, dabara ce. In babu gashi, me za su yanka?"

Kai da bakinka ka ba mu sauran labarin, ka kuma maimaita shi ya fi a ƙirga. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta dubi kanka, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗauki almakashi ta ce, "Seu Genésio, kai ne na huɗu yau. Buɗe maɓallan rigarka." Ashe in babu na kai, na ƙirji suke ɗiba, shi kuwa na ƙirji ya fi na kai daɗewa yana riƙe da abin da mutum ya sha. Da ka bar gashin kanka yadda Allah ya yi shi, da wataƙila ka tsallake. Da kanka ka biya wanzami ya taimaka aka kama ka.

A lokacin dai babu wanda ya yi dariya. Aka dakatar da lasisinka, kamfanin da kake yi wa aiki ya sallame ka. Mutumin da bai san wata sana'a ba sai sitiyari, ga shi ya haura hamsin, ga 'yarka Tainara tana tsakiyar karatu. Ka zo ka zauna a bayan kicin ɗina. Sai ka ce, "Comadre, gara da aka kama ni. Da na tsallake, girbi na zuwa zan koma mata." Na miƙa maka wuƙa da kwandon rogo na ce to fara da wannan.

Haka ka zama mai fere mini rogo, kuma tunda nake ban ga wanda ya kai ka ɓarna ba, rabin rogon a cikin ɓawo yake tafiya. Kana zuwa wajen likita, kana zuwa taron masu son rabuwa da ƙwaya a ɗakin bayan coci, kana barci kamar wanda aka yi wa allura. Babban aikinka kuwa shi ne jiran gashi ya tsiro, don da shi za a sake gwada ka. Dona Cleonice takan ɗauko tef ɗinta na ɗinki ta auna maka shi, direbobi kuma in sun shigo sai su ce, "Manomi, ya gonar? A kawo taki?" Kai kuwa ka ce su bari, bana shuka mai tsabta ka yi.

Gwaji na biyu ya fito fes, aka mayar maka da lasisi. Sai dai sunanka ya riga ya zaga, duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa sai a ce a dawo wani lokaci. Daga ƙarshe Seu Olindo, wani tsoho mai tireloli uku wanda ba ya yawan magana, ya ce zai gwada ka da lodin masara guda zuwa Santos. Mai kayan ya tsayar da ranar da za a sauke, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba a cika wannan alkawari sai an hana ido barci. Ran nan ni da Dona Cleonice ko abincin kirki ba mu ci ba. In ka makara, aikin ya tafi. In ka isa a kan kari, mun san abin da ka haɗiya.

Ka makara da yini guda cur. Ka ce a wani gidan mai har an miƙo maka ƙwayar a tafin hannu, ka dube ta, ka ce a ba ka kofi da madara, ka faka motar ka ja labule. Da ka dawo, Seu Olindo yana zaune yana zuƙar shayin ganyensa.

Ya ce, "Ka yi latti."

Ka ce, "Barci na yi, Seu Olindo."

Ya ce, "Gobe akwai lodin auduga. Ka je ka ƙara wani barcin."

Daga ranar ba ka sake sauka daga sitiyari ba, ba a kuma sake samun komai a gashinka ba. Duk direban da ya faɗi gwaji, kai ne farkon wanda ke zuwa gidansa. Ka yi masa tsiya son ranka, sannan ka raka shi wajen likita, in ya wanke ka tsaya masa a gaban masu motoci. Aƙalla biyar na sani da ke kan hanya yau saboda kai.

Ranar jana'izarka tireloli suka yi jerin gwano har maƙabarta suna danna ham, garin nan kaf ya san an yi rashi. Na riƙe hannun Dona Cleonice ina neman abin da zan faɗa mata, sai ita ta riga ni. Ta ce, "Ivanilde, Litinin ya dawo, ya faka motarsa, ya ci abinci, ya kwanta kusa da ni. Shekara talatin ina jiran ɗan sanda ya kira ni in je in gane gawa a gefen titi. Sai ga shi a gadonsa ya tafi, yana barci."

Allah ya jiƙan ka, compadre, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin rahamarsa, ya ba ka hutun da babu mai tashin ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dona Cleonice, da Wanderson, da Tainara, da jikokinka, da dukan direbobin da ke bin wannan hanya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kuma mayar da kowane direba gidansa lafiya. Amin.