Ɓargon ƙaramar

A shekarata ta biyu ta digiri na biyu a Kano, aikina renon ƙwayoyin halitta na asali ne, waɗanda jiki ke samar da sabon jini daga cikinsu. A ɓargo ake samunsu. Ranar Laraba kuma mu shiga darasin ladubban bincike, mu yi ta musu a kan abin da ya halatta a yi wa jikin mutum. Ina jin daɗin musun nan, don a bakina kawai yake.

Yayata tana aure a Ajingi. Babbar 'yarta sikila gare ta. In ciwon ya tashi, har maƙwabta suna jin kukanta. Wata Juma'a na zo gida Gaya na tarar da Yaya tana jirana a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba.

"An ce abin da kake karantawa yana warkar da sikila," in ji ta.

Na ce haka ne, in an sami ɗan'uwan da jininsu ya dace, a ɗebi ɓargonsa a dasa wa marar lafiyar. Sai ta dubi ƙaramar 'yarta, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, tana ta bin kaji.

Na kai su Kano aka gwada. Jininsu ya dace.

Mijin Yaya, manomin gyaɗa ne mai ƙarancin magana, ya zo Gaya a kan babur muka zauna gaban Baba, wanda ya tsufa yana koyarwa a Islamiyya. Baba ya ce ceton rai ibada ce, matuƙar ba a cutar da wani ba. Mijin ya juyo gare ni.

"Kai ka karanta. Ƙaramar za ta ji ciwo?"

"Za ta ji, amma za ta warke."

"Babbar fa, tabbas za ta tashi?"

Na ce sai an fara kashe ɓargonta da magani mai ƙarfi, kuma akwai yaran da ba sa tsallake wannan matakin.

Mijin ya ƙi amincewa. Ya ce ba zai miƙa lafiyayya a huda mata ƙashi ba, alhali ba ta san me ake tambayarta ba, sannan ya sa hannu a kan abin da zai iya kashe ɗayar.

Da zan koma, Yaya ta raka ni tasha. "Ni ma na san da haɗarin," ta ce. "Amma da ka bar ni na faɗa masa da bakina."

Da daminar da ta biyo baya ciwon ya kama babbar a ƙirji. Ta rasu a mota a hanyar asibiti, kafin su kai Wudil.

Na gama karatun, har aka yaba babin da na rubuta a kan yardar ƙananan yara. Yaya tana gaishe ni, tana aiko mini da ƙuli-ƙuli in an yi. Ba ta ƙara tambayata aikina ba.