Katakon Baba Ulafu

Ranar da kakana ya rasu ina Doha, kuma babu katako ko ɗaya a rufin ɗakinsa. Wanda bai san gidanmu ba zai ce to, sai me? Ni kuwa da ƙanwar babana, Goggo Saratu, ta faɗa mini haka ta waya, sai da na nemi wuri na zauna, don na san laifina ne.

Garinmu yana Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Muna yara, idan an gama cin tuwo ba a kashe wutar murhu. Kaka Talatu za ta jawo 'yar kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Mijinta, kakan namu, yana can gefe a bakin shagonsa na kafinta, da littafin waƙoƙin coci a cinya, ko da duhu ya hana shi ganin rubutun. Sunansa Olaf, amma bakin mutanen garinmu ya mayar da shi Ulafu. Mahaifinsa kafinta ne ɗan ƙasar Norway, ya biyo 'yan mishan ya yi rufin asibiti, ya auri 'yar gari, kuma a nan aka binne shi. Baba Ulafu bai taɓa taka Norway ba. Jar fata ya gada, da zarto, da addinin Lutheran, sai kuma taurin kai wanda Kaka ta ce shi ne ya fi yawa a cikin gadon. Shi ke buga ƙararrawar coci tun kafin a haifi babana, kuma ba ya yarda wani ya taɓa igiyar.

Kaka tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda muke naci a kanta ba tatsuniya ba ce. Takan gyara ɗankwali ta ce, "Ga ta nan, kuma mai ita yana zaune yana jin mu." Sai mu kwashe da dariya. Shi ko ɗago kai ba ya yi.

Ta ce watanta ɗaya da aure ta ɗaga kai ta ga katakai shida an jera a ƙarƙashin rufi, an goge su sumul. Ta yi murna, ta ɗauka gado za a yi mata. Da ta tambaya, sai ya ce na akwatin gawarsa ne. Haka ake yi a ƙauyen mahaifinsa: namiji ya yanke katakonsa da hannunsa, ya bar shi ya bushe, don kada ranar mutuwarsa a sa mutane yawon neman abin da za a sa shi. Kuma ba a binne ɗan gidansu a akwatin kasuwa.

"Ni da aka kawo da guɗa," in ji Kaka, "a ce ina kwana a ƙarƙashin akwatin gawa! Na ɗaure kayana sai gidanmu. Kwana uku na yi. Da na dawo, kun san me Baturen nan ya ce? Wai in yi hankali da tsintsiya, kada in kaɗo su."

Katakan ba su daɗe ba. Malamin coci ya rasu da rana tsaka, ba a shirya ba, Baba Ulafu ya sauko da su. Ya yanke wasu, suka tafi da wata tsohuwa da ba ta da kowa. Kaka takan lissafa mutanen da yatsunta har ta ƙare hannu biyu, ta ce, "Rabin maƙabartar nan a akwatinsa suke kwance, shi kuma ga shi nan yana cinye mini tuwo."

Inda muryarta ke sauka shi ne wurin Malam Buba, maƙwabcinmu, limamin masallacin unguwa. Shekara talatin suna gardamar addini da Baba Ulafu a kan benci ɗaya, babu wanda ya matsa. Malam Buba ya rasu a tsakiyar damina. Musulmi ba sa binnewa da akwati, amma sai an jera itace a bakin kabari kafin a zuba ƙasa. Ruwa ya kwana uku yana zuba, rafi ya tare hanyar daji, ga gawa tana jira. Baba Ulafu bai yi shawara da kowa ba. Ya hau tsani, ya sauko da katakan, ya auna faɗin kabarin, ya yanyanka su gajeru, ya kai da kansa. Ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka gama. A nan Kaka ke tono gyaɗar ta ce, "Ƙurunƙus. Wanda ya ƙona hannu kada ya zo mini da kuka."

Kaka ta riga Baba Ulafu tafiya, kuma a katakonsa aka sa ta. Shi ya ci gaba da rayuwa har ya haura tasa'in da biyar. Ni kuma na girma, na koyi aikin lantarki, na samu kamfani a Doha. Zuwana gida na ƙarshe, na tarar hannunsa yana rawa, ba ya iya riƙe zarto. Katakon ƙarshe da ya yanke ya ba wani ɗan coci da ya rasu a hatsarin babur. Ya nuna mini rufin ya ce, "Ishaku, sama ta zama fayau. In ka dawo hutu, kai za ka ja zarto, ni in nuna maka."

Na ce to, Baba. Hutun farko kamfani ya riƙe ni. Na biyu kuwa ba wanda ya riƙe ni. Abokai suka ce mu je yawon buɗe ido, na ce tsohon da ya kai haka ai zai ƙara shekara ɗaya. Ban je ba.

Wayar Goggo ta same ni a ɗakinmu a unguwar Mu'aither ranar Juma'a, ina shirin tafiya coci, don a can Juma'a ce ranar hutu. Za a binne shi ranar Litinin. Na kira shugabana a wurin aiki, ya ce takardar hutu ba za ta fito ba sai bayan mako guda, khalas, wato magana ta ƙare. Na ce wa Goggo a je Yola a sayo akwati mafi kyau, mai hannun ƙarfe. Ta ce, "Ka san ba zai so ba." Na sani. Ɗanyen katako kuma ba ya aikin, kuma kwana biyu ba su isa ya bushe ba. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, kunya ta rufe ni. Mutumin da ya rufa wa rabin gari asiri, shi za a sa a kayan kanti, saboda jikansa ya tafi yawo.

Washegari da safe ina bas ɗin kamfani, mun kusa unguwar Asian Town, Goggo ta sake kira, wannan karon da hoto. Ta juya wayar na ga tsakar gidanmu. Wani dattijo mai farin gemu yana tsaye, matasa suna sauke katakai daga amalanke. Alhaji Hammadu ne, babban ɗan Malam Buba.

"Ishaku, ina gajiya? Ya haƙuri?" ya ce. "Kada a sayo komai. Shekarar da muka binne mahaifina, na roƙi kakanka ya nuna mini yadda ake yankawa. Na yanka masa waɗannan na ajiye. Maɗaci ne, shida. Tun lokacin suna rufin zaurenmu. Yarana sun sha tambaya ko na ƙofa ne."

Na ce, "Baba Ulafu ya sani?"

"Ina! Da ya sani ai da tuni ya ba wani."

Na yi dariya, sai dariyar ta juye kuka, a gaban 'yan Nepal da 'yan Kenya da ke cikin bas ɗin. Ban damu ba.

Muna yara mun ɗauka labarin Kaka na wani tsoho ne mai abin dariya, wanda ya kasa riƙe akwatinsa. Sai yanzu na gane cewa a duk shekarun da muke cin gyaɗa a bakin murhun nan, katakonsa na gaskiya yana bushewa a bayan katangarmu, a gidan liman. Wannan bai wanke ni ba. Alkawari na yi ban cika ba, wani ne ya cika.

Na isa gida kwana tara bayan an binne shi. Bayan na dawo daga maƙabarta, na ɗauko zarton daga shago, na tsallaka gidan Alhaji Hammadu na yi sallama. Ya dubi zarton, ya dubi hannuna, ya ce, "Ba haka ake riƙewa ba. Kawo in nuna maka."