Hular da Aka Aiko

Rubuta, 'yata, kada ki gyara mini magana. Tun shekaranjiya na kasa zama. In leƙa taga in ga motocin unguwar nan ta Safa, in shiga kicin in rasa abin da na je ɗauka.

Ke kika tono, da kika fassara mini shirin talabijin na mutumin ƙasar Sabiya, jagoran tawaye da ya yi gudun hijira, amininsa ya karɓe shi a gida aka sare shi yana barci. Ina kuka kina cewa ina ruwana da Bature.

Mahaifinku ne ya ja gaban manoman garinmu da aka zo ƙwace fadama. Da aka fara nemansa muka shigo ƙasar nan da bizar umra, muka lafe a ɗaki ɗaya a unguwar Ammariyya, babu iƙama, takardar izinin zama. Yana dako a kasuwa, kunnensa na gida. Kafin mu taho ya bar wa amininsa hularsa, ya ce, “Ranar da ƙura ta lafa, aiko mini da ita.” Da aka haifi yayanki, sunan mutumin ya sa masa.

A shekara ta huɗu wata hajiya ta kawo hular, an wanke ta har an kai ta bugu. Na ce, “Malam, bari alhazai su koma mu ƙara ji.” Ya yi dariya, ya ce, “Halas, shi ke nan, hula ta yi magana.”

Ya koma gida, a gonar aminin ya sauka. Bayan azahar ya kishingiɗa a gindin tsamiya, aminin ya ce bari ya kawo fura. Fura ba ta zo ba, mutum uku ne suka zo, suka kashe shi a wurin. Matar aminin ce ta gaya mini da bakinta a Mina, bayan shekaru. Rabin fadamar yanzu na mijinta ne.

Ban taɓa kiran sunan yayanki ba. Kowa na cewa alkunyar ɗan fari ce. Da farko ita ce.

Yanzu tsohon, aminin nan, ya zo umra. Yayanki, da bai san komai ba, ya ce, “Umma, ran Juma'a Baba takwarana zai ci abinci a nan. Ki tuƙa tuwo da hannunki.” Har turare ya saya masa.

Ba zan tuƙa ba. Kai wa yayanki takardar nan yau, in Hausar ta gagare shi ki juya masa da Larabci. In ya ji ya ce duk da haka a ɗora tukunya, gidansa ne, ni a mayar da ni Ammariyya. Yalla, tashi, ga mayafinki can.