Jar Tawadar Malam Abdulbaƙi

Ranar wata Juma'a, ana sallame salla a masallacin layinmu na Ƙofar Wambai, Malam Abdulbaƙi ya miƙe cikin farar shaddarsa wadda ba ta ganin rana sai Juma'a da ɗaurin aure. Baffa mahauci ya dube shi sau ɗaya, ya ƙwala salati.

"Innalillahi! Jama'a, ku riƙe shi! Malam, waye ya soke ka?"

Malam ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Tun daga aljihun hagu har kusa da cibiya rigar ta rine da wani abu ja mai duhu, kuma bai daina yaɗuwa ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, Baffa ya toshe masa.

"Kada ka yi magana! Ni mahauci ne, shekara talatin ina cikin jini. Wannan daga zuciya yake fitowa."

Kafin Malam ya haɗa kalma biyu, ƙarti huɗu sun yi sama da shi. Hula ta faɗi, takalmi ƙafa ɗaya ya tsaya a masallaci, aka cusa shi cikin keke napep sai ƙaramin asibitin bakin titi. Sista Cecilia, nas ɗin wurin, ta ɓalle masa maɓalli, ta duba, ta sake dubawa, ba ko ƙwarzane. Sai ta sa hannu a aljihu ta zaro alƙalami, marfinsa ya kwance, yana ɗiga.

"Baba, kai lafiyarka ƙalau," in ji ta. "Alƙalaminka ne ba shi da lafiya."

A lokacin Baffa ya riga ya naɗe hannun riga zai ba da jini. Matar Malam kuwa, Inna Zakiyya, ga ta nan ta shigo ba takalmi, mayafi a baibai, don wani mai saurin ƙafa ya riga ya kai mata labari har da ƙari. Tun daga ranar layinmu ya raɗa wa Malam suna Gwamna. Dalilin sunan sai an koma baya kaɗan.

A gidan da yake ciki yanzu aka haife shi. Mahaifinsa marini ne, shi ya sa har gobe in ka ce wa Malam abu kaza shuɗi ne, sai ya tambaye ka wane shuɗin. Boko bai wuce aji uku ba. Yana da shekara goma sha tara ya samu aikin masinja a wata ma'aikata, ya shekara talatin da biyar yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya san kowace ƙofa, ya san wadda ake ƙwanƙwasawa da yatsa ɗaya da wadda ake tsayawa a bakinta sai an yi tari. A can wani akawu, Mista Andrawus, ya riƙa zaunar da shi lokacin hutun rana yana koya masa rubutu a bayan takardun da aka ɓata. Hannun Malam ya zo ya fi na malaminsa kyau. Ranar da Mista Andrawus zai bar aiki, ya cire alƙalaminsa mai zuƙar tawada daga kwalba, ya sa masa a aljihu, ya ce, "Riƙe, hannunka ya fi nawa cancanta."

A wannan ofis Malam ya koyi tsoron launi. Ƙananan ma'aikata da shuɗi ko baƙi suke rubutu, manya da kore, ja kuwa sai mai jihar gaba ɗaya, wato Gwamna. In fayil ya sauko da jan rubutu a gefe, da hannu biyu Malam yake ɗaukarsa, ko fitsari ba ya tsayawa yi. Shekara talatin da biyar bai taɓa ɗora ja a kan takarda ba, ko da wasa.

Da ya yi ritaya sai ya shimfiɗa tabarma a zaurensa, ya zama marubucin layi. Wasiƙar neman aiki, takardar haya, cike fom, duk wurinsa muke kaiwa, musamman irinmu da muka gaisa da boko daga nesa muka wuce. Ba ya karɓar komai sai goro, shi ma in ka kawo mai tsutsa zai nuna maka. Biro kuwa ba ya taɓawa. Mutane na cewa girman kai ne, amma gaskiyar ita ce yatsunsa sun fara sanyi, biro sai an danna, shi kuwa alƙalamin Mista Andrawus ɗora shi kawai ake yi ya tafi da kansa.

To, ana nan shuɗiyar tawadarsa ta kusa ƙarewa. Ya je shagon Madam Agatha, mai sayar da littattafai da kayan rubutu a bakin titi, wadda ta fi shekara ashirin tare da mu. Ta ce ai yanzu ba mai kawo irin wannan, duniya ta koma biro da waya. Sai ta tuna wata kwalba da ta zo cikin kwalin kaya bisa kuskure, ta fi shekara tana shan ƙura a kanta.

"Baba, ɗauka, kyauta ne. Ba wanda zai iya shi sai kai."

Malam ya ɗaga kwalbar a rana. "Madam, wannan ai ja ce."

"Ba ja ba, Baba. Ka gwada shi tukuna."

Ya kawo gida, ya wanke alƙalami da ruwan ɗumi har sau uku, ya zuƙa. Yadda ya gwada tawadar nan, ko mai sayen saniya bai kai shi bincike ba. Ya ja layi a takardar littafin 'yan makaranta, ta baje kamar an ɗiga mai, ya yi tsaki. Ya ja a farar takarda mai kauri, ta tsaya cak. Tana ɗanya kalar zoɓo ce wanda aka dafa da kyau ba a cika masa ruwa ba. Ya zuba mata ido har ta bushe, sai ta koma kalar lallen da ya kwana a hannu. Inda alƙalami ya ɗan tsaya a ƙarshen harafi ta fi duhu, har tana neman baƙi. Ya ɗiga mata ruwa, ta ɗan saki launi amma rubutun bai gudu ba. Ya shinshina. Ba a dai ce ya lasa ba, amma Inna Zakiyya ta ce ranar harshensa bai yi mata kama da na kullum ba.

"Ba ja ba ce," ya ce wa kansa. "'Yar'uwar ja ce dai ta nesa."

Duk da haka bai yarda ya yi wa kowa wasiƙa da ita ba. Ya dai sa alƙalamin a aljihu don sha'awa, ga zafin bazara, ga sujada, marfi ya kwance. Sauran kun ji.

Bayan abin da ya faru ya wanke alƙalami, ya tura kwalbar can ƙarƙashin gado. In ya fito, sai ka ji daga rumfar Baffa, "Ran Gwamna ya daɗe! Yaya jikin?" Malam ya wuce kamar da bango ake.

Amma akwai abin da ya fi tsokana damunsa. Kwalbatin da ke bayan gidansa ya toshe shekara biyu, ya kuma karye a tsakiya. Duk ruwan da ya sauko daga layin sama, a gindin katangar ɗakin Inna Zakiyya yake kwana. Katangar ƙasa ce tun ta mahaifinsa, daminar bara ta tsage ta har kana hango haske. Kowa ya san ba za ta ɗauki wata daminar ba. Matasan layi sun yi gayya sun kwashe shara, amma karyayyen kankare ya fi ƙarfin shebur. Wasiƙa huɗu Malam ya rubuta wa ofishin da ke kula da magudanan ruwa, da kyakkyawar shuɗiyar tawada, ko ɗaya ba a ji ɗuriyarta ba. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shuɗiya kuma ta ƙare ƙaf.

"Malam, ka rubuta ta biyar," in ji Inna Zakiyya.

"Da me? Da waccan? Kin san ko waye ke rubutu da ja?"

"Ban sani ba. Na dai san ko waye ke kwana a gindin katangar nan. In ta faɗo, ni za ta danne, ba mai jan alƙalami ba."

Da safe ya janyo kwalbar. Ya yi bisimilla ya rubuta shafi guda. Ya sa riga, ba farar ba, ya kai da kansa.

Akawun da ke karɓar wasiƙu ya buɗe, ya dubi takarda, ya dubi Malam.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Kai waye da za ka rubuto wa hukuma da ja? Zauna nan. Wannan sai Darakta ta gani da idonta."

Ya figi takardar ya haye sama. Malam ya zauna a benci. Da yake tsohon masinja ne, ko cikin tsoro kansa na aiki. Ya san wasiƙa kan bi tebur shida kafin ta ga Darakta, in ma ta gan ta. Tasa ga ta can ta haye bene cikin minti biyu, a hannun mai kai ƙara.

Aka kira shi. Darakta, Hajiya Sauda, injiniya ce mai gilashi a kan hanci. Malam ya cire takalmi tun daga ƙofa.

"Baba, kai ka rubuta wannan da hannunka?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. A yi haƙuri, shuɗiyar ce ta ƙare. Kuma in an duba da kyau, ba ja ba ce sosai."

Ta ɗauko jan biron da take gyara zanen gini da shi, ta ja layi a wata takarda, ta kara kusa da rubutunsa. Nata ya yi tsalle kamar tumatir, nasa yana zaune da nauyinsa.

"Ai kuwa zoɓo ne," ta ce wa akawu. "Zoɓo ka kawo mini ƙara?"

Da yake takardar na hannunta, sai ta karanta. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ta tambaya ina huɗun da ya ambata. Aka yi ta buɗe kabad, aka samo uku, ko buɗe su ba a yi ba. Ta yi rubutu a gefen ta biyar, ta ce, "Baba, rabona da ganin hannu irin wannan tun na mahaifina. Ka je gida."

Kwana tara bayan nan mota ta sauke siminti da rodi a layinmu. Aka fasa karyayyen kwalbati, aka zuba sabo mai faɗi. Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da la'asar, duk muka fito ƙofar gida muna kallonsa yana wucewa ta ƙarƙashin titi ko waiwayen katangar bai yi ba. Inna Zakiyya ta dafa bangon ɗakinta, ta ji shi a bushe, ta daɗe tana hamdala. Washegari ta cika kwano da masa da miyar taushe, ta kai wa Madam Agatha da kanta. Shi kuwa Malam ya zauna ya rubuta wa Mista Andrawus wasiƙa zuwa ƙauyensu, shafi biyu, da tawadar, yana gaya masa inda alƙalaminsa ya kai.

Farar shaddar ba ta wanku ba, an gwada omo, an gwada lemun tsami. Sai Malam ya kai ta marina, ya tsaya a kansu har suka haɗa masa launin daidai, aka rine ta gaba ɗaya. Ita yake sawa yanzu ranar Juma'a, alƙalami a aljihu, marfi a ɗaure tam.

Juma'ar da ta wuce, ana fitowa, Baffa ya tare shi a gaban jama'a, ya durƙusa har ƙasa.

"Ran Gwamna ya daɗe! Tunda sa hannunka na aiki, a taimaka a sa mana a kan wutar lantarki. Kuma yau na ga jinin ya kama rigar duka, ko a kira keke?"

Malam ya gyara hula, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Baffa, ni masinja ne, na yi shekara talatin da biyar ban taɓa kai fayil ofishin da ba nasa ba. Kai shekara talatin kana yanka, ka kasa bambance jini da tawada. Jama'a, ku riƙa duba abin da yake sayar muku da sunan nama."