Surukin da Godiyarsa Ta Yi Yawa

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a ƙauyenmu na kan tudu, arewa da Malaga a ƙasar Sifen, girkin Amparo Quiles ya ci. Tana yarinya ta shiga ɗakin girki na gidan abincin uwarta. A nan ta yi aure, a nan ta yi takaba, a nan kuma gwiwoyinta suka soma gazawa. Da likita ya hana ta doguwar tsayuwa, sai 'yarta Nuria ta dawo daga Ingila da mijinta Neville don su riƙe wurin.

Neville gwanin girki ne, kuma ya koyi Sifaniyanci a makarantar yamma. Sai dai ladabin garinsu ya zuba cikin harshen namu. A miƙa masa cokali, godiya. Zai gifta ta bayan mutum, ban haƙuri. Gishiri ma sai ya ce, "Ko za a taimaka, in ba damuwa?" Mu kuwa a nan, wannan maganar baƙo ce. Ɗan gida cewa yake yi, "Ba ni burodi."

Amparo ta hana shi taɓa tukunya. Wanke-wanke ta bar masa.

"Mama, wai me ya yi miki?" Nuria ta tambaye ta.

"Ruwa na ba shi jiya, ya yi ta godiya kamar na ba shi gona. Ma'aikaciyar otal ce ni? Ke kin taɓa gode mini don ruwa?"

"Tarbiyyarsu ke nan."

"To ya adana wa masu sayen abinci. Ba na barin tukunyar uwata a hannun baƙo."

Nuria ta faɗa mata gaskiya: in bazara ta zo mijinta yana bakin famfo, komawa za su yi, gidan abincin kuma rufewa zai yi.

Ranar bikin waliyyin ƙauye aka cika maƙil, har kan titi. Ana tsaka da aiki gwiwar Amparo ta ƙi, dole ta zauna a kujera kusa da murhu. Neville ya karɓi girkin shinkafa da kifi, ba wanda ya hana shi. Can sai ya hango ta ta miƙo hannu da kofin ruwa za ta ƙara a kaskon.

"Amparo, cire hannunki! Za ki caɓe mini shinkafa! Miƙo tafarnuwa, ki zauna!"

Nuria ta daskare da faranti a hannu. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta miƙa tafarnuwar.

"Ashe kana da baki, ɗana."

Da mutane suka ragu, ya matso yana murza hannu, kunnuwansa jawur.

"Maganar ɗazu..."

"Ka ba ni haƙuri ka gani, in mai da kai wanke-wanke."

Ya haɗiye sauran.

Bazara ta zo ta wuce, ba wanda ya haɗa kaya. Yanzu Neville ke girki. Amparo na zaune a bakin ƙofa tana ɓare tafarnuwa, kullum suna musu a kan gishiri. Da na je makon jiya, a gabana ya yi karo da ƙofar firiji, ya ba ƙofar haƙuri.

"Wannan ɗabi'ar kam ba ta da magani," in ji Amparo. "Ƙofar dai baƙuwa ce, bara muka sayi firijin."