Bataliyar Kakan Mai Kantin Yaji

Shekarata ta biyu a Lyon ina zaune wurin gwaggona a Vaulx-en-Velin, ina karatun tarihi a jami'a. Bincikena kan sojojin ƙasarmu ne, waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya na farko. Duk ranar Asabar gwaggo takan aike ni La Guillotière sayen kayan miya, kuma kanti ɗaya ta yarda da shi, na wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu na lalle. Ta ce citta da kanumfarinsa ne kaɗai ke ƙamshi irin na kasuwar Damagaram.

Alhaji nake ce mishi, shi kuma yana ce mini 'yata. Da Faransanci muke magana, nashi ya fi nawa karyewa. Ran da ya ji abin da nake karantawa sai ya ajiye ludayin awo, ya shiga ciki, ya fito da wani ƙullin ƙyalle. Alamar tagulla ce a ciki, irin wadda soja ke maƙalawa a kafaɗa, da lamba da haruffa biyu.

"Ta kakana ce," in ji shi. "Sojan ƙafa ne a rundunar Ingilishi ta Indiya. Ya yi yaƙi a nan ƙasar. Ina so in san inda ya taka."

Na ce mishi ba fannina ba ne, takardun wannan runduna suna Ingila. Ya ce ai tarihi tarihi ne, ya ƙara mini barkono a leda. Haka na fito da hoton alamar a wayata.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Bayan yaƙin an sake wa bataliyoyin lamba, an haɗe wasu, daga baya da aka raba ƙasar aka raba su tsakanin Indiya da Pakistan. Na yi wata biyu ina bin wata bataliya kafin na gane ba ta taɓa zuwa Faransa ba. Da na faɗa wa Alhaji, dariya ya yi, ya ce su ma bayin Allah ne, ban yi asarar sanin su ba.

Da hutu ya zo na tafi Paris don nawa binciken, na sauka wurin yayana a Belleville, a ɗakinsa da ke saman wani gidan abinci. Kullum da safe in hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa gidan adana takardun soja. Kwana uku na ba sojojinmu, na huɗu na ba kakan Alhaji. Wata ma'aikaciya mai furfura ce ta ba ni shawara in nemi rahotannin tafintocin Faransa da aka haɗa da sojojin Indiya, tunda su a nan suka bar takardunsu.

A kwalin rahotanni na biyu na ga lambar. Babu sunan soja ko ɗaya, sai na hafsoshi Turawa. Amma tafintan mutum ne mai lura. Ya rubuta yadda aka sauke su a jirgin ruwa a Marseille, aka kai su arewa, aka rarraba su a rumbunan manoma. Ya rubuta rigimar neman awaki masu rai don Musulmin cikinsu su yanka da kansu, da yadda sanyi ya lalata ƙafafun da yawa. Ya kuma ambaci sunan ƙauyen da suka yi hunturu, inda matan gari ke kai musu madara da safe.

Kafin in koma, yayana ya raka ni wurin masu sayar da tsoffin katunan hoto. Muka samu ɗaya: sojojin Indiya su bakwai da rawunansu, tsugune suna gasa gurasa a bakin hanya. Ba a rubuta ko wace bataliya ce ba.

Na kai wa Alhaji kofen takardun da katin hoton ranar wata Asabar. Ya rufe kantin da rana tsaka, abin da gwaggo ta ce ba ta taɓa gani ba, ya zaunar da ni kan buhun shinkafa, ina karantawa ina sauƙaƙa mishi. Da na zo kan maganar ƙafafu sai ya ɗaga hannu.

"Yatsunsa biyu babu," ya ce. "Ko da zafi da safa yake kwana. Muna yara muna yi mishi dariya."

Sannan ya ce akwai wata kalma da tsohon ke faɗi in an kawo shayi, duk gidan suka ɗauka, har yau ƙannensa na faɗinta: dule. Sun ɗauka yaren sojoji ne.

"Alhaji," na ce, "shekara nawa kana sayar da madarar gwangwani a nan?"

Ya dube ni, ya maimaita kalmar a hankali, ya ji du lait, wato madara da Faransanci, a bakinsa. Ya yi ta dariya har ya share ido da gefen rigarsa. Nan take ya kira ƙanwarsa a waya, suka yi ta magana da yarensu, ni dai dule kawai nake tsinta.

Ban iya tabbatar mishi cewa kakansa na cikin waɗanda suka kwana a wannan ƙauyen ba, kuma na faɗa mishi haka. Ya ce ya ji. Da bazara 'yarsa ta kai shi can a mota. Ya dawo ya ce mini gonakin dankali ne kawai da coci, ya yi salla raka'a biyu a gefen wata gona, wani manomi ya tsaya da tarakta har ya sallame.

Katin kuwa ya manna shi a jikin kanta, kusa da sikeli. In abokin ciniki ya tambaya, sai ya nuna na uku daga hagu, ya ce kakansa ne. Wata rana na ji ya nuna wa wata mata na biyar. Da ta fita na ce, "Alhaji, ba na uku ba ne?"

"Yau wannan ya fi kama da shi," in ji shi, ya ci gaba da ɗaure wa gwaggo kanumfari.