Inda Aka Kwantar Da Baba Safiyo

Ina cikin aji a Doguwa ranar Talata da hantsi, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Ƙanena Sani ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye allin. Motar da na samu ta tsaya lodi a Tudun Wada fiye da awa guda. Kafin in isa garinmu Kafin Maiyaki an yi masa salla, an kai shi, maza har sun dawo sun zauna a ƙofar gida. Ban ga fuskarsa ba. Mu mata kuma ba ma shiga maƙabarta, don haka ban san ko ta wane gefe aka kwantar da shi ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai fiye da komai.

Malam Idi Safiyo, haka gari ya san shi. Ni kuwa Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a awon filaye da gonaki suka ƙare, daga Bebeji har gindin duwatsun Doguwa. Da tef ɗin awo ya fara. Daga baya aka ba shi wata na'ura ruwan ɗorawa, girman tafin hannu, mai faɗa wa mutum inda yake tsaye a doron ƙasa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce tocilan ɗinta sai ta yi mako a mace, amma na'urar Malam ba ta taɓa rasa sabon batir ba.

Na taɓa tambayarsa wa ke faɗa wa na'urar. Sai ya kife ƙwarya a tsakar gida, ya ce ita ce duniya. Ya ce taurarin ɗan'adam hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa-ƙasa masu ɗaukar hoto, akwai na can ƙololuwa masu kawo talabijin, waɗanda kullum suna saitin wuri ɗaya. Nasa suna tsakiya, nisan kamar kilomita dubu ashirin, suna zagaya duniya sau biyu a kwana. Ya ce, "Ba su kusa, ba su yi nisa ainun ba. Shi ya sa suke ganin kowa daidai." Ina jin kansa yake nufi, ko da yake bai faɗa ba.

Labarin awon da ya yi a Badafi kowa a gidanmu ya san shi. Rigima ta tashi tsakanin makiyaya da wani manomi a kan burtali, hanyar da shanu ke bi, manomin kuma aminin Baba ne tun suna makarantar allo. Baba ya tsaya a rana riƙe da na'ura, yana ta kallonta. Mai unguwa ya gaji, ya ce, "Malam, rana fa tana yi." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, taurari uku ne suka zo. Ni ba na rubuta lamba sai shaidu huɗu sun hallara." Da na huɗun ya zo, awo ya nuna aminin nasa ya ci kunyar noma uku cikin burtali. Baba ya rubuta haka. Mutumin bai sake taka zaurenmu ba.

Haka ya rayu. In ya je awo ba ya shan ruwan kowane ɓangare, da gorarsa da ƙuli-ƙulinsa yake tafiya. Mutane sun girmama shi, amma ba su saki jiki da shi ba.

Da ya yi ritaya, abin da na'urarsa ke yi ya shiga wayar kowa, har ɗan acaɓa. Aka daina nemansa. Mahaifiyarmu ta rasu, ni na yi aure a Doguwa, Sani yana wuni a kasuwa. Kullum da safe sai ya fito ƙofar gida ya kunna na'urar. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, gidan bai matsa ba dai ko?" Ya ce, "Yana nan, Uwata. Mutanen cikinsa ne suka matsa."

Zuwana na ƙarshe ya ce mini, "Kin san abin da ke ba ni tausayi da taurarin nan? Kullum suna faɗin ga mu nan, ga lokaci, amma ba su da kunne. Ba su san ko akwai mai saurarensu ba." Na yi dariya, na ce Baba ya fara waƙa. Sai da na hau mota na gane abin da yake faɗa mini. Na gane, amma duk da haka na yi wata biyu ban dawo ba. Wannan laifina ne, kuma yana cina.

Ranar sadakar uku na ɗauko na'urar a ƙarƙashin matashinsa, na kira Sani. Na ce ya je ya tsaya a gefen kabarin ya ɗauko mini lambar wurin. Ya ce, "Yaya, kada a ce mun kawo bidi'a." Na ce, "Ba gini na ce ka yi ba, ba allo na ce ka kafa ba. So nake in san inda ubana yake." Ya karɓa, ya fita. Bai jima ba ya dawo, idanunsa jawur, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Washegari da zan koma, na ce wa mai babur ya bi ta hanyar maƙabarta ya sauke ni. Na tsaya a bakin hanya, bayan shingen cediya da ƙaya, na kunna na'urar. Kibiyar da ke fuskarta ta yi ta rawa, sannan ta tsaya, ta nuna gabas. Mita arba'in da uku. Na leƙa, ban ga komai ba sai ciyawa da tudun ƙasa iri ɗaya. Na fuskanci inda ta nuna na yi masa sallama, na ce, "Baba, Uwarka ce. Na zo a makare." Na daɗe a tsaye, babu wanda ya wuce.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Idi, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Bai taɓa matsar da iyakar wani ba, ka sa gaskiyarsa ta zame masa abokiyar zama a inda yake. Ka haɗa shi da mahaifiyarmu a Aljanna Firdausi. Ka ba Sani juriyar zama a gidan da ya rage shi kaɗai. Ni kuma ka yafe mini watanni biyun nan, ka isar masa da sallamar da na yi daga bakin hanya. Amin.